Rashin Kayan Aiki Ne Ya Ɗaure Hannun Masu Zane a Birniwa

Idan aka tambayi dalilin da ya sa zanen surar mutum da ta dabba bai bunƙasa a garuruwa irin su Birniwa ba, amsar da aka fi bayarwa ita ce addini. A ganina wannan rabin magana ce. Irin abin da mai zane yake zanawa, da girmansa, da tsawon kwanan da zanen zai yi, duk sun rataya ne ga abin da za a zana a kai, da launin da ya samu, da wanda zai biya kuɗin aikin.

Jihar Jigawa, inda Birniwa take, ita kanta shaida ce. A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu na mutanen da, wanda masu bincike suka fito da labarinsa a shekarun 1950. Da alama masu zanen sun zaɓi shanu domin su ne dukiyarsu, kuma aikin ya kawo yau domin an yi shi a jikin dutse, a inda ruwan sama ba ya dukansa. Ƙasar Birniwa kuwa yashi ce da jigayi. Bangon da mai zane zai samu na laka ne, damina kan wanke shi, a ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja ma ambaliya irin ta 2020 da 2022 takan tafi da bangon dungurungum. Don ba a ga tsohon zane a wuri ba, bai isa hujjar cewa ba a taɓa yin masu zane a can ba.

Haka ciniki yake juya hannun mai zane a yau. Mai shagon aski kawuna kaɗai yake buƙata don nuna salon aski, shi ya sa mai rubuta allon shago ya gwanance da zana kai amma bai saba da zana jiki ba. Direban babbar mota zaki ko gaggafa yake so, kuma su zai biya. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, fenti da takarda sun yi tsada, ga injin buga banar talla ya ƙwace aikin da a da ake kai wa mai buroshi.

Masu kafa hujja da addini suna da gaskiyarsu, domin malamai da yawa sun hana zana abu mai rai, kuma wannan ya ba zayyanar allo da adon gida ƙarfi. To amma wasu malaman sun yi sassauci a kan zanen koyarwa, kuma al'ummar nan ta karɓi hotunan littattafan makaranta da na asibiti. Masu cewa baiwa ba ta jiran kaya kuwa su tuna cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yaron da littafi ɗaya ke ɗauke da duk darussansa ba zai ɓata shafi wajen koyon zana tafin hannu ba.

Don haka ya kamata hukumomin ilimi su wadata makarantun firamare da takarda da fensir. Idan kuma za a faɗakar da jama'a kan rigakafi ko ambaliya, a ba masu zane na gari kwangilar a biya su, domin su ne suka san sutura da kamannin mutanen da ake son saƙon ya kai gare su.