Maharbi, Ka San Iska Kafin Ka Ɗana Baka

Ya kai mai karatu, idan ka ji ana yabon maharbi, yawanci iya saitinsa ake yabo. A ganina akwai abin da ya fi saiti muhimmanci, wato sanin iska. Maharbin da bai san inda iska ta dosa ba, bai kamata ya harbi dabba ba.

Ga dalilina. Ba kullum ne kibiya ko harsashi ke kayar da barewa nan take ba. Sau da yawa takan gudu da rauni, ta nemi duhuwa ta kwanta. Hancinta kuwa ya fi na mutum jin wari nesa ba kusa ba. Idan maharbi ya biyo sawunta iska tana kaɗowa daga bayansa, warin jikinsa zai riga shi isa wurinta. Sai ta zabura, ta ƙara nisa. Amma idan iskar tana bugun fuskarsa, yana iya matsowa kusa ba tare da ta sani ba. Shi ya sa ƙwararrun maharba sukan watsa 'yar toka ko ƙura sama, su ga inda ta nufa, sa'an nan su kewayo ta inda ya dace.

Ka lura kuma da lokaci. A ƙasar Hausa an fi yin farauta da rani. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Tana busar da ɗigon jini da wuri, tana binne sawu a cikin rairayi, tana kuma watsa warin da karnukan farauta ke bi. Duk mai bin sawun da bai kula da wannan ba, iska ce kawai ke wahalar da mai kayan kara.

Wataƙila ka ce ai farauta sa'a ce. To, ka tuna da barewar da aka raunata aka kasa samu. Takan daɗe tana shan azaba kafin ta mutu, kuraye da ungulaye su cinye ta. Maharbi ya yi asarar nama, daji ya yi asarar dabba, ga shi kuwa bareyi sai raguwa suke yi a dazuzzukanmu.

Wanda ya raunata dabba ya ɗauki nauyin nemo ta. Saboda haka ya wajaba a koya wa yaro mai son farauta sanin iska tun kafin a ba shi baka da kwari.