Mu ne Baƙin da Suke Nufi

Kwanan baya a majalisar shayi a Aboabo, wani matashi ya miƙo mini wayarsa yana yabon Rasha ta zamanin sarakuna. Wai a can ne aka yi mazaje masu kare addini da sarauta da al'ada. Na tambaye shi, al'adar wa?

A 1905, lokacin da bore ya girgiza gadon Sarki Nikolas na Biyu, wani likita mai suna Dubrovin ya jagoranci kafa Ƙungiyar Al'ummar Rasha. Kirarinsu coci, sarki da ƙasa. Ba masu mulki kaɗai suka tara ba, har da ƙananan 'yan kasuwa da manoma da 'yan ƙwadago, aka nuna musu Yahudawa aka ce ga masu ɓata ƙasa. Aka ƙona gidaje, aka kashe mutane, sarki kuwa ya karɓi bajon ƙungiyar da hannu biyu. A 1917 gadon ya kife, ba su iya tare shi ba.

To ɗan'uwa, da kai kana can, a wane layi za a sa ka? Ba sai ka je Rasha neman amsa ba, tambayi kakanka.

A 1954 aka kafa NLM a nan Kumasi, Baffour Akoto, kakakin Asantehene, yana gaba, don kare sarauta da kuɗin koko daga Nkrumah. Jam'iyyar Musulmi ta MAP ta mara musu baya, Zango ya rabu biyu, ɗan uwa ya daina gaisa da ɗan uwa. Ban ce iyayenmu ba su da dalili ba, kuma ban wanke Nkrumah ba: shi ya kori Alhaji Amadu Baba da Alfa Lardan zuwa Nijeriya a 1957. Amma abin da masu yabon ke tsallakewa shi ne Nuwamban 1969. Busia, jagoran wancan ɓangaren da muka sha duka dominsa, yana hawa mulki ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Wa ya tuna da abota ranar?

Tsofaffin unguwar nan har yau suna iya nuna maka gidajen da aka sayar a wulaƙance, da inda motoci suka yi lodin mutanen da a Kumasi aka yanke cibiyarsu. Yaron ya karɓi wayarsa ya ce shi ba a taɓa ba shi wannan labarin ba.