Maganin zogi: na halal a kulle, na haram a kan tebur

A gundumomin Magariya da Dungas, mai ciwon da ya ƙi tashi, ko sankara ce da ta yi nisa, ko amosanin jini, ko ƙugun da ya lalace bayan haɗarin mota, yakan soma da asibitin karkara, wato CSI. Majo ya duba shi, ya ba shi parasetamol ko ibuprofen, domin abin da ke hannunsa ke nan. In zogi ya fi ƙarfin waɗannan, sai a ce da shi ya nemi likita. Daga nan wahala take somawa.

Maganin da ke kwantar da zogi mai tsanani shi ne morfin da danginsa. Ba sabon abu ba ne: Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa shi cikin jerin magungunan da babu makawa sai da su tun 1977, kuma ba shi da tsada. Amma yarjejeniyar duniya ta 1961 ta lissafa shi cikin miyagun ƙwayoyi, Nijar kuma tana da tata dokar ta 1999. Saboda haka a kulle ake ajiye shi, a ƙirga shi cikin rajista, kuma ba ya fita sai da takarda ta musamman mai sa hannun likita. Likitan nan kuwa, in an same shi, ga layin marasa lafiya a ƙofarsa, ga tsoron kada a tuhume shi. Da yawa sukan ga ya fi musu sauƙi su tura mutum gaba. Gaba kuwa ita ce babban asibitin Damagaram, wajen kilomita 90 daga Magariya, ko cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram. Wanda zama ma yake gagararsa, ta yaya zai sha wannan tafiya, balle ya riƙa maimaita ta duk lokacin da magani ya ƙare?

Abin takaici, tramol ba ya bukatar wannan doguwar tafiya. Yana ratsowa ta iyakar Najeriya, ya sauka a teburan kasuwa, ƙwaya mai miligiram 200 ko 225, alhali wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100. Ɗan kabu-kabu ya saya don ya kai dare yana aiki, tsohuwa mai sankarar mama ita ma a sayo mata, don babu wani. Duka biyu kuwa farfaɗiya na iya kayar da su in ƙwayar ta yi yawa. Duwan da jandarma suna kamu, kuma sun yi daidai. Sai dai kamu ba ya sa morfin a hannun mai bukata. Wani babban binciken mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya, wato matalautansu, ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani.

Kafin a gyara, mai jinya ya riƙe likita ɗaya, ya adana karne da duk ordonas ɗin da aka taɓa rubutawa, ya nemi takardar turawa kafin ya hau mota. Likita ya fi sakin jiki da wanda ya san tarihinsa. Kada kuma a mai da diklofenak abincin kullum, yana cin ciki da ƙoda. Wanda ya saba da tramol, kada ya yanke shi dare ɗaya, a rage masa a hankali.

Gyaran kuwa an taɓa yin sa a Afirka. A 1993 likita Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda, aka soma haɗa morfin na ruwa, ana ba da shi a kwalba, mara lafiya ya sha a gidansa. A 2004 gwamnatin ƙasar ta yarda ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman su riƙa rubuta shi. Kulle da rajista suna nan, abin da aka ƙara shi ne yawan masu riƙe da makulli. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011. Bai yi wuri ba a tambayi ofishin ministan lafiya majo nawa za a horar a can da Magariya, kuma a wane asibiti za a ajiye kwalbar.