Wa Ya Cinye Naman da Ake Ba Mu Romonsa?

Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, da wuya mutum ya buɗe jaridar Hausa ko ya kunna rediyo bai ci karo da "romon dimokuraɗiyya" ba. Gwamna ya haƙa rijiyar burtsatse, an ce jama'a sun sha romo. An yi wa makaranta fenti, romo ne. Mu da muke nazarin harshe mun san wannan da sunan siffantawa, wato a ɗauki abu a kira shi da sunan wani abu dabam domin a dasa hotonsa a zuciyar mai sauraro. Abin da muke ja a kai shi ne hoton da ake dasawa ɗin, da kuma wanda yake cin moriyarsa.

Kowace mace da ta taɓa ɗora tukunya ta san romo ruwan nama ne, wanda ake zuba wa yaro ko maƙwabci bayan masu gida sun tsame tsoka. Ashe ke nan duk ɗan jaridar da ya rubuta wannan kalma ya riga ya amince cewa tukunyar ta mai mulki ce, talaka kuwa ɗan rakiya ne mai riƙe da ƙoƙo a ƙofa. Alhali sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Rijiyar nan da kuɗin jama'a aka haƙa ta. Ta yaya haƙƙi ya rikiɗe ya zama kyauta, har ana jiran godiya? Bahaushe ma da can bai yarda da romo sosai ba, shi ya sa ya laƙaba wa alkawarin banza suna romon baka.

Ɗan'uwan romo shi ne magani. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986, an yi ta kwatanta ƙasa da majinyaci, shirin kuma da magani mai ɗaci da sai an daure an haɗiye. Wayon da ke cikin wannan siffa babba ne. Idan ƙasa majinyaciya ce, mai mulki ya zama likita, wanda ya yi gardama kuwa ya zama yaro mai gudun allura. Ɗaliban da suka fito zanga-zanga a watan Mayun 1989 tambaya suke yi a kan wanda ya jawo cutar, amma siffar ba ta bar wa wannan tambaya gurbi ba, domin ba a tuhumar likita da ciwon da ya zo warkarwa.

Kada a ɗauka zancen ya tsufa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500. A watan Agusta aka sanar da Naira biliyan 5 ga kowace jiha, jaridu kuma suka raɗa wa shinkafar da aka raba suna "kayan rage raɗaɗi". Raɗaɗi na ƙuna ne ko harbin kunama, abin da ya faɗo wa mutum bisa tsautsayi. Haka kuma aka yi ta rubuta cewa farashi ya yi tashin gwauron zabo, sai ka ce tsuntsu ne da ya firgita ya tashi don kansa. A jimlolin nan duka an ɓoye aikau, an bar mu da aiki da karɓau kawai.

Za a ce mana adon magana gishirin harshe ne, kuma jaridar da babu shi lami ce. Mun yarda. Sunan Gaskiya Ta Fi Kwabo kansa, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, adon magana ne, kuma ya ɗora gaskiya a sikeli ya ce ta rinjayi kuɗi. Ƙorafinmu a kan siffofin da ake kwasowa ne daga takardun jami'an yaɗa labarai na gidajen gwamnati, a juye su cikin labari ba tare da an ce ga mai su ba. In kwamishina ya ce romo, a rubuta cewa shi ya faɗa. Sa'an nan a gaya mana nawa aka ware wa rijiyar, nawa aka kashe, kuma ko tana ba da ruwa bayan an kwashe rumfunan bikin buɗe ta.