A Mayar wa Sarkin Ruwa da Ikonsa

Ƙasar Zamfara ba ta yi iyaka da teku ba, amma tana da mutanen gaɓa, wato mazauna bakin Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen Anka da Gummi kafin ya faɗa Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Da yawa daga ƙauyukan wannan yanki ana kiransu tunga, watau zangon da masunci ko manomi ko mafarauci ya kafa don sana'a, har ya zama gari. Ra'ayina shi ne, hanya mafi kusa ta tsare rayukan waɗannan bayin Allah ita ce a ƙarfafa shugabannin sana'a na gargajiya, musamman Sarkin Ruwa.

Rayuwar bakin gulbi tana bin hawa da saukar ruwa ne. Da damina a shuka shinkafa a fadama, 'yan fito kuma su yi ta ƙetarar da manoma a kwalekwale. Idan ruwa ya janye sai noman rani, masunta su fito da homa da birgi da taru da mamari, suna kamun tarwaɗa da ƙarfasa. A al'adance Sarkin Ruwa ke tsara duk wannan. Shi ya san zurfin kowane gurbi, shi ke hana su a tafki har kifi ya girma, shi ake kira idan mutum ya nutse. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ba a shiga ruwa sai da yardarsa.

To, amma a yau wannan sarauta ta kusa zama suna kawai. A watan Satumba na 2024, makonni kaɗan bayan ambaliya ta ci gidaje a Gummi, wani jirgi ɗauke da manoma masu zuwa gona ya kife a gulbin, mutane masu yawa suka halaka. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta tana Lakwaja. Yaushe ma'aikacinta zai tsaya a kowace mashaya da sassafe yana ƙirga masu shiga jirgi? Sarkin Ruwa kuwa nan ya kwana, nan ya tashi. Abin da ya rasa shi ne ikon tsayar da jirgin da ya yi lodi fiye da kima.

Mai karatu na iya cewa aikin zamani ya fi ƙarfin sarautar gargajiya. Amsar tana Tungar Daji ta ƙasar Anka. A 2010 wannan ƙauye, tare da Abare da Dareta da Sunke, da kuma 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, ya faɗa cikin masifar gubar dalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga jikin yara. Yara aƙalla 400 suka rasu a jihar. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba da magani, masana sun kwashe gurɓatacciyar ƙasa, amma fitar da injinan niƙa zuwa bayan gari bai yiwu ba sai da sarakuna da masu gari suka sa baki. Mutanen ƙauye sun fi jin maganar wanda suka sani.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum su rubuta ikon Sarkin Ruwa cikin dokokinsu. Ya zama shi ke ƙayyade yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, rigunan kariya su kasance a hannunsa, ya hana fito da dare ko lokacin da gulbi ya kawo, a kuma yanka masa albashi. Kuɗin wannan tsari bai kai abin da ake kashewa wajen rabon kayan jaje ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.