Motar Lantarki A Kilomita Biyar: Ina Wutar Da Za Ta Sha?

Tun da gwamnatin Afirka ta Tsakiya ta ƙara kuɗin fetur a Janairun 2023, daga Sefa 865 zuwa 1,300 kowace lita, duk ɗan kasuwar Kilomita Biyar a Bangui da ya ji labarin motar da ba ta shan mai dole ya kasa kunne.

To amma a yi lissafi tukuna. Ɗauki BYD Seal ƙirar ƙasar Sin: an ce caji ɗaya na kai ta kilomita 570, a kwalta mai kyau. Daga Bangui zuwa Garoua-Boulaï, bakin iyakar Kamaru, kusan kilomita 600 ne, ga ramuka, ga iyali da kaya, ga motar ƙasa-ƙasa take.

Babban cikas dai wuta ce. A soket ɗin gida, batirinta sai ya haura awa 30 kafin ya cika, alhali wutar ENERCA daga Boali, duk da ƙarin tashar hasken rana ta Danzi a 2023, a kawo ne a ɗauke. Wanda ya tayar da janareta don caji, man da ya gudu shi zai saya.

Mai faifan sola a gida, mai zirga-zirgar cikin gari kawai, shi kaɗai za ta yi wa rana a yanzu.