Kyaftin ɗin da ya koma shara: Kris Kristofferson da bashin da kakin soja ke bin waƙoƙinsa

Da Kris Kristofferson ya rasu a tsibirin Maui ranar 28 ga Satumba 2024 yana da shekara 88, kusan kowace jaridar Amurka ta sake tono labari guda: yadda ya tuƙo jirgi mai saukar ungulu ya dire a harabar gidan Johnny Cash don a saurari waƙoƙinsa. Saukar ta faru kam. Sai dai Cash ya riƙa yi mata gishiri, wai baƙon ya fito da giya a hannu ɗaya da kaset a ɗayan, alhali Kristofferson da kansa ya ce bai ma tabbata maigidan yana nan a ranar ba. Labarin yana da daɗin ji, amma ya sa ana kallon zamansa a soja kamar wata riga da ya tuɓe ya yar kafin ya zama mawaƙi. Tarihinsa bai goyi bayan wannan kallo ba.

An haife shi a 1936 a Brownsville ta jihar Texas, ɗan hafsan da ya kai muƙamin janar a sojan sama. Ya karanci adabin Ingilishi a Oxford da tallafin Rhodes, ya shiga soja a 1960, ya koyi tuƙin jirgi, ya yi aiki a Jamus ta Yamma har ya zama kyaftin. A 1965 aka tura shi koyar da adabi a kwalejin hafsoshi ta West Point. Sai ya ajiye aikin ya nufi Nashville, cibiyar kiɗan country, salon nan na Turawan karkarar kudancin Amurka da masu sauraron rediyo a Nijeriya suka sani ta muryoyin Jim Reeves da Don Williams. Danginsa suka yanke hulɗa da shi. Ya samu aikin shara a ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin Columbia, inda yake kwashe tokar sigari a lokacin da Bob Dylan ke ɗaukar faifansa Blonde on Blonde a 1966.

Abin da ya rufa masa asiri a waɗannan shekaru shi ne sana'ar da soja ya koya masa. Ya riƙa jigilar ma'aikata zuwa rijiyoyin mai da ke cikin tekun Meziko: mako guda yana tuƙi daga Louisiana, mako guda yana Nashville yana tallata abin da ya rubuta. A kan dandamalin haƙar mai, a cewarsa, ya tsara "Help Me Make It Through the Night". Aikin matuƙi jira ne mafi yawansa, kuma mutumin da ya saba da jira a bariki ya san yadda ake mayar da shi rubutu. Hatta "Me and Bobby McGee" a kan umarni aka yi ta: Fred Foster, mai kamfanin da ke buga waƙoƙinsa, shi ya miƙa masa sunan ya ce ya nemo waƙar. Ya nemo, kuma ta hau saman jerin waƙoƙin Amurka a 1971 a bakin Janis Joplin, watanni bayan mutuwarta.

Inda ya bambanta da sauran marubutan Nashville na zamaninsa shi ne ido. "Sunday Mornin' Comin' Down" ba ta da wani labari in ban da mutumin da ya farka ranar Lahadi da ciwon kan barasar jiya, ya bi titi shi kaɗai, ya ji ƙamshin girki daga wani gida da ƙararrawar coci daga nesa. Babu wa'azi a ciki, babu neman tausayi. Rahoto ne na abin da aka gani, a jere, kamar na wanda aka horar ya faɗi abin da ke ƙasa ba tare da ƙari ba. Cash ya rera ta, ta zama waƙar shekara ta 1970 a wurin ƙungiyar mawaƙan country.

Sai kuma batun da Nashville ba ta son tunawa. Kasuwar country ta daɗe tana sayar da kishin ƙasa, da tuta da kaki da jinjina ga sojoji a kan dandamali, galibi daga bakin mawaƙan da ba su taɓa kwana a bariki ba. Kristofferson, da ya kwana, shi ne ya fito a shekarun 1980 yana sukar rawar da gwamnatin Reagan ke takawa a Nikaragwa da Salbado, har ya fitar da faifan Third World Warrior a 1990. Gidajen rediyon country suka juya masa baya. Masu cewa ya ci amanar kaki sun manta cewa hafsa yana rantsuwa ne da kare tsarin mulki, kuma wanda ya san yadda ake tura samari fagen fama ya fi kowa cancantar tambayar dalili.

Hanya ce ta riƙe shi da rediyo ya sake shi. Ya zaga duniya da Cash da Willie Nelson da Waylon Jennings a ƙungiyar Highwaymen (biyu daga cikin abokan, Cash da Nelson, su ma sun taɓa shiga sojan sama). Da tsufa ya zo, ya rage tawagar har ya koma shi kaɗai da jita da harmonika, da muryar da shi kansa yake kwatanta ta da ta kwaɗo. A 2021 aka sanar da ritayarsa. A Afrilun 2023 ya sake hawa dandamali a bikin cikar Nelson shekara 90 a Los Angeles, ya rera waƙa tare da Rosanne, 'yar mutumin da ya taɓa dirar wa a haraba.